Ramuka Huɗu a Jujin Solgol

Ranar da aka sake buɗe jujin ƙauyen Solgol bayan hutun bikin kaka, bikin girbi da ziyarar kaburburan iyaye, direban motar shara ta farko ne ya fara ganin abin. Sabuwar motar danne shara, wadda hukumar gunduma ta sayo ana gab da biki, tana kife a cikin tafkin baƙin ruwan da ke tsatsowa daga ƙarƙashin jujin. Hancinta ya nutse, ƙafafunta na baya masu haƙoran ƙarfe suna sama. Ko leda ɗaya ba ta kai ga takawa ba. Nauyinta ya sa tafkin ya tumbatsa, ruwan ya gangara ya shiga gonaki biyu na shinkafar da ta isa yanka.

Kafin rana ta take, duk ƙauyen ya hau tudu yana kallo, kowa da hannu a hanci. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi dariya. Mutanen Solgol sun iya shiru in suna murna, sun kuma iya shi in suna tsoro, kuma ran nan duka biyun suka haɗe musu.

Murnar ba ɓoyayya ba ce. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan da aka karɓe kwarin aka mai da shi juji, da alkawarin in ya cika za a rufe shi da ƙasa a shuka ciyawa. Baɗi ya kamata ya cika. Sai wani mai wayo a ofis ya gano cewa in aka kawo motar da ta ninka tsohuwar katafila nauyi, ta danne sharar ta kwanta, ramin zai ƙara shekara goma. Wato shekara goma na ƙuda da wari da hankaki. Tsoron kuwa, a taron da aka yi kan maganar, shugabar ƙauye Pyo Sunja ta miƙe a gaban manyan gunduma ta ce in motar nan ta shigo Solgol da hannunta za ta tura ta tafki. Har tafi aka yi mata. Yanzu masu tafin ne suke satar kallonta suna matsawa gefe.

*

Yayanta Mansu yana gyaran tarko aka aiko kiransa. Maharbi ne, shi hukuma ke sa wa bin sawun aladun daji in sun addabi gonaki. Gajere ne mai ƙarancin magana, kansa kullum a sunkuye, har mutane na cewa ya fi sanin takalmansu fiye da fuskokinsu.

Sufeto Seok, ɗan sandan da aka turo daga gari, yana jiransa a bakin tafkin da ƙyalle a hanci.

"Dattijo, an ce ka fi kare hanci."

"Kare ya fi ni ƙafa," in ji Mansu. "Me kuke so in gani?"

"Na'urar ɗaukar hoto ta ƙofa ba ta ga kowa ba, wato ta bayan tsauni aka shigo. Makulli kuwa a ƙusa yake rataye a ofis, ko akuya za ta iya ɗauka. Abin da ya rage mini wannan ne." Ya nuna ƙasa da tsinin takalminsa.

Mansu bai ko durƙusa ba. Sawun takalmin roba ne ƙarami, dugadugin hagu yana jan ƙasa. Tun da aka yi wa Sunja aiki a gwiwa haka take tafiya.

"Na ƙanwata ne."

"Na gode da ba ka wahalar da ni ba."

"Amma duba, a kan sawun motar yake. Bayan an tura ta ta zo."

"Ko kuma ta tura, ta koma, ta dawo kallo," in ji Sufeto. "Masu laifi na son haka. Ka ji ni, Dattijo, wannan ba fasa tagar maƙwabci ba ne. Dukiyar hukuma ce, ga gonakin mutane sun lalace, shekaru ake kwasa a gidan yari. Gobe da yamma zan tara ƙauyen. In ba ka kawo mini wani ba, da ita zan tafi."

Mansu ya bi sawun motar da ido. Daga inda aka ajiye ta har bakin tafki layi ɗaya ne miƙaƙƙe, babu karkata, babu alamar hannun da ya yi rawa. Wanda ya tuƙa ya sa ta a ƙaramin giya, ya sauko a nitse, ya bar ta ta ƙarasa da kanta. Sunja kuwa ko babur in ta hau sai kaji sun watse.

*

A tsakar gida ya sami Sunja tana juya barkonon da ta shanya. Ba ta ɗago ba.

"Ka zo kama ni, Yaya?"

"Me ya kai ki can?"

"Washegarin biki na hau in ɗaura ƙyallen zanga-zanga a jikinta, su zo su same shi. Sai na tarar wani ya riga ni da abin da ya fi ƙyalle."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru. Na tsaya na more kallo, na dawo gida na ci abinci kwano biyu. Ban san ruwan zai kai gonaki ba." Ta jefar da sandar juyin. "Da safen nan matar da ta fi kowa tafa mini ta tsallaka titi don kada ta gaishe ni. Ka ga mutane?"

"Bakinki ne ya ja miki."

"Ai kai ka bar mini rabonka na bakin tun muna yara." Ta yi 'yar dariya, sai dariyar ta tsinke. "Yaya, gwiwar nan ba za ta iya kwanan gidan yari ba."

Tun da iyayensu suka rasu ita kaɗai ta rage masa. Ya ɗauki sandar ya miƙa mata.

*

A ƙauyen an fara raɗa cewa manajan jujin, Byeon, tsohuwar mota ya sayo aka shafa mata fenti, shi ya sa ya nutsar da ita kafin asiri ya tonu. Mansu ya je ofishinsa. Byeon saurayi ne mai farar riga, irin waɗanda ke fesa turare a wurin da turare ba ya aiki. Idanunsa sun yi ja.

"Na ji abin da suke faɗa," ya ce. "Ka je ka leƙa ƙafafunta, ko ƙwarzane babu. Shekara biyu ina roƙon motar nan. In ramin nan ya cika, Dattijo, ina gunduma za ta kai shararta? Wani kwarin za a ƙwace, wasu mutanen su yi kuka. Ni nake ganin taimako na yi."

"Wa zai tuƙa ta?"

"Kamfani zai turo direbansa. Da kusurwar gabas za a fara, inda aka bar fili yana zaman banza. Baba Gil, direban katafilarmu, ya ce ƙasar wurin taushi gare ta, katafila za ta nutse. Wannan kuwa ƙafafunta faɗi gare su, ba ruwanta da taushi."

"An yi mata gosa?"

Byeon ya yamutsa fuska. Gosa ita ce 'yar hidimar da ake yi wa sabuwar mota kafin a hau ta: a ajiye abinci, a rusuna, a zuba farar giyar shinkafa a kowace ƙafa don kada motar ta nemi jini.

"Ma'aikata sun nema, na hana. Wurin hukuma ne, ba a shigo da giya. Wane zamani muke ciki?"

A waje, Gil Dusik, direban tsohuwar katafila, yana goge madubinta da tsumma. Ya girmi Mansu da shekaru kaɗan, tare suka yi kamun kifi suna yara, kuma tun ranar da aka buɗe jujin shi ke kan wannan kujerar. A gidansa Mansu ke karɓar dusar giya yana zubawa a tarko, don babu abin da aladen daji ke haukacewa a kai kamarta.

"Yaya Dusik, ka ga wani abu?"

"Ina gida duk bikin."

"Sunja za su ɗauka."

Tsumman ya tsaya a kan madubin, sannan ya ci gaba.

"Ba za su ɗauke ta ba. Ai ba ta iya tuƙi ba."

"Sufeto bai damu da wannan ba."

Dusik ya yi ta goge wuri ɗaya. Mansu ya dubi ƙasa bisa al'ada. Sawun Dusik ya cika ko'ina, tsoho da sabo, kamar yadda ya kamata ga mutumin da nan ne wurin aikinsa.

*

Washegari da safe Mansu ya nufi wurin Shugaba Bang. A wannan yankin duk mai tifa biyu shugaba ne, Bang kuwa yana da uku da motar haƙa, ga kuma wani kwari da ya saya a bayan tsauni yana jiran ranar da gunduma za ta nemi sabon juji. In akwai wanda mutuwar motar nan ta yi wa daɗi a aljihu, shi ne.

Ya same shi kwance a baranda, ƙafa ɗaya a ɗaure da filasta har cinya.

"Shigo, maharbi! Ka zo duba sawuna? Ga shi nan, guda ɗaya ne." Ya buga filastar da sanda. "Ana jibi biki na faɗo daga tsauni, wurin aske ciyawar kabarin babana. Tsohon nan ko a kabari bai daina hukunta ni ba."

"Kana da direbobi."

"Duk sun tafi garuruwansu gaida matattunsu. Kuma bari in gaya maka, Mansu, ko ƙafata lafiya lau take ba zan hau wannan abar ba. An ce yaron nan mai turare ya hana a ba ta sha. Motar da ba ta sha ba, wa zai ɗora mata gindi? Shekara arba'in ina cikin ƙarfe, na ga abin da suke yi. Babu tsohon direba a gundumar nan da zai taɓa sitiyarinta tana da ƙishi, ko da kashe ta zai je yi."

Mansu ya daɗe yana kallon filastar. Ya miƙe bai ko taɓa shayin da aka kawo masa ba.

*

Jiya wurin da motar ta faɗa kowa ya zuba wa ido, har da shi. Yau inda ta tashi ya nufa, wani fili da aka baje da jar ƙasa a bayan ofis. Babu shara a wurin, babu tsiro, babu abin da dabba za ta nema. Amma aladu sun zo. Sawunsu ya gangaro daga tsauni kai tsaye, uwa da 'ya'yanta, sun wuce tarin ragowar abinci ba su ko waiwaya ba, suka zo nan suka tona.

Ramuka huɗu ne. Biyu a gaba, biyu a baya, tazararsu daidai da faɗi da tsawon motar. Alade ba ya tono a jere. Abin da aka zuba masa a jere yake bi.

Mansu ya durƙusa ya debi ƙasar ramin ya kai hanci. Tsami ne na giyar gida mai kauri, wadda ba a tace sosai ba, kuma a ƙarƙashin tsamin akwai ƙamshin ganyen sol, itacen nan mai ganye kamar allura. Gida ɗaya ne a Solgol ake jefa ganyen sol a tulun giya. Shekara da shekaru wannan ƙamshin yana hannunsa duk ranar da ya ɗana tarko.

Ya zauna a ƙasa. Ya so a ce hancinsa ya tsufa.

Da ya iya tashi, sai ya taka zuwa kusurwar gabas. Shara ta yi tudu ta ko'ina, ta fi rufin gida tsawo, amma a tsakiya an bar wani ɗan kwari da bai fi faɗin ɗaki ba. Wata kanyar daji ce a ciki, da 'yan duwatsu a gindinta. Ya duba sawun katafila a gefen tudun, na bana da na bara da waɗanda suka bushe suka zama kamar dutse. Kowanne in ya doso wurin sai ya lanƙwasa ya kewaye. Ya soka sandarsa a ƙasar da aka ce taushi gare ta. Ko ɗan yatsa ba ta shiga ba. A gindin bishiyar akwai wani faffaɗan dutse da zama ya goge shi har yana sheƙi.

Hankaki suka tashi gaba ɗaya daga kan tudun. Mansu, wanda ya sha kwana a daji shi kaɗai, ya cire hularsa bai san dalili ba.

*

Da yamma takalma suka cika ƙofar ɗakin taron ƙauye. Mutane suka zauna a ƙasa suka jingina da bango. Sunja tana gefe ɗaya, an bar fili tsakaninta da kowa. Byeon yana kusa da Sufeto. An ɗauko Bang an jingine shi da matashi. Dusik yana can kusa da ƙofa, matarsa kuma, 'yar tsohuwa mai lanƙwasasshen baya, tana zagayawa da butar shayin sha'ir.

"To, Dattijo," in ji Sufeto Seok. "Muna jinka."

Mansu ya miƙe yana kallon ƙasa.

"Wanda ya tuƙa motar nan gwani ne. Wannan ya fitar da ƙanwata, ya fitar da manaja."

"Gwani ana hayarsa," wani ya faɗa daga baya. Mai ɗaya daga cikin gonakin da suka lalace ne.

"Ana hayarsa. Amma kafin ya hau, sai da ya zagaya ya zuba giya a ƙafafunta huɗu. Aladu sun tona wurin, ramukan na nan, kowa na iya zuwa ya gani. Sunja kuwa kun san ta, mai hidimar coci ce. Ko a kabarin babanmu ba ta yarda a zuba giya in tana tsaye."

"Wannan gaskiya ne," in ji wata tsohuwa. "Bara har faɗa suka yi."

"Ɗan haya daga gari ba ya ɗauko tulu," in ji Mansu. "Haka kuma, mai ƙin mota ba ya shayar da ita. Tsohon direba ne, wanda hannunsa ba zai iya kama sitiyari ba sai ya yi abin da aka koya masa."

Idanu suka koma kan Bang. Bang ya ɗaga filastarsa da hannu biyu ya sauke, ba wanda ya yi dariya.

"Kuma giyar," in ji Mansu. "Na shinshina ƙasar. Na san tulun da ta fito."

Sufeto ya ce ya faɗi sunan, bai faɗa ba. Ya tsaya yana jira, kamar yadda yake jira a bakin kurmi in ya san abin da ke ciki ba shi da wata hanyar fita. A ransa roƙo yake yi kada a sa shi ya furta.

Matar Dusik ce ta fara motsi. Ta ajiye butar a hankali.

"Shi ya sa tulun biki ya ragu," ta ce, kamar mai magana da kanta.

Dusik ya dafa bango ya miƙe.

"Zauna, Mansu. Ya isa." Ya juya wajen Sunja ya rusuna har ƙasa. "Shugaba, ki gafarce ni. Kwana biyu ina kallo ana nuna ki da baki. Ku ma masu gona, ban yi zaton ruwan zai haura ba. Ni ne."

"Don an kawo wanda zai karɓi kujerarka?" in ji Byeon. "Baba Gil, ai na ce maka ba za a sallame ka ba."

"Kujera?" Dusik ya girgiza kai. Ya dubi matarsa, ya kawar da ido. "Da za a bar ni in tafi da Sufeto ba tare da na faɗi dalili ba, da na fi so."

"Sai an faɗa," in ji Sufeto. "Ko a nan, ko a gaban alƙali."

"Faɗi a nan," in ji matar. Ba ta ɗaga murya ba.

Dusik ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Tsofaffin cikinku sun tuna muna da 'ya. Bok-hi. Tana shekara uku zazzaɓi ya ɗauke ta."

Tsofaffin suka sunkuyar da kai. Sun tuna, amma shekara arba'in ba wanda ya ambaci sunan. Yaron da ya riga iyayensa tafiya ba a kai shi tsaunin kakanni, ba a yi masa tudun kabari, ba a zuwa gaishe shi da biki. Uba ne ke naɗe shi a tabarma ya goya ya shiga daji shi kaɗai, ya danne wurin da duwatsu saboda dila. Uwa kuwa ba a gaya mata wurin, wai don kada ta riƙa zuwa tana kuka ta hana yaron tafiya.

"Da hukuma ta karɓi kwarin, tudun kabari suka ƙirga suka kwashe," in ji Dusik. "Ita ba ta da tudu. Na ce in tono ta in kai ina? Ba tsaunin da zai karɓe ta. Sai na nemi aikin katafila. Na ce in dai ni ne a kan kujerar, ba abin da zai hau kanta. Saura shekara ɗaya a rufe wurin a shuka ciyawa, ta kwanta a cikin lambu kamar 'yar gata. Sai aka kawo wannan, aka ce da gabas za a fara." Ya dubi tafin hannunsa. "Ranar biki kowa ya hau tsauni wurin nasa. Ni ma na ɗauki giya na tafi wurin tawa. A hanya na ga motar tsaye tana kallon gabas."

"Ka zo kashe ta, kuma ka tsaya yi mata gosa?" Sufeto ya tambaya.

"Ita me ta yi mini? Sabuwa ce, ba ta san kowa ba. Ba a hawa haka nan."

Bang ya gyaɗa kai daga inda yake kwance. Sunja, wadda ƙauyen bai taɓa ganin hawayenta ba, ta ja gyalenta ta rufe fuska.

Sufeto Seok bai sa masa ankwa ba. Ya jira shi ya sa takalmansa, ya buɗe masa ƙofar mota. Da Dusik ya zo wucewa ta gaban Mansu sai ya ɗan tsaya.

"Da ban zuba ba, da ba ka gane ba."

"Da na gane, Yaya. Sai dai da an riga an tafi da ita."

"To gara haka," in ji Dusik, ya shiga.

*

Ba a yi sati ba aka ji cewa gunduma ta yi hayar wata motar, irin waccan, tana hanya. Sharar gari ba ta jiran kowa. Byeon da kansa ya zo gidan Mansu, ba turare, ya ce zai riƙe direban a ɓangaren yamma gwargwadon iyawarsa, amma ba zai wuce 'yan kwanaki ba. Sunja ta shiga gida gida, ta yi faɗa da dattawan dangin Gil har muryarta ta dushe, sai da suka yarda a ba yarinyar wuri a gefen tsauninsu, can ƙasa, kusa da hanya.

Da safiyar ranar da za a tono yarinyar, Mansu ya fito da fartanya da farar takardar da ake naɗe ƙasusuwan mamaci da ita, sai ya tarar da matar Dusik tsaye a ƙofar gidansa cikin fararen kaya.

"Matar Yaya, ba a zuwa da uwa."

"An gama wannan. Kai ni."

Suka bi ta bayan tsauni, yana gaba tana biye, yana rage sauri saboda ita. Warin ya tare su tun daga nesa, ba ta rufe hanci ba. Suka gangara tsakanin tudun shara har cikin ɗan kwarin. Daga can yamma ana jin rurin sabon inji, ƙasa tana ɗan rawa a ƙarƙashin ƙafa.

Ta tsaya ta dubi kanyar, ta dubi duwatsun, ta dubi bangon sharar da ya kewaye su, leda da tsumma da fasassun robobi har sama. Sannan ta ga faffaɗan dutsen nan mai sheƙi. Ta shafa shi da hannu.

"Nan yake zama?"

"Nan, ga alama. Lokacin cin abinci."

Ta zauna a kai a hankali, ta haɗa gwiwoyinta.

"Kullum in ina ɗaura masa abincin rana sai ya ce in sa cokali biyu," ta ce. "Shekara ashirin ina yi masa faɗa. Na ɗauka yar da su yake yi."

Mansu ya juya mata baya, don fuskarsa ta ƙi tsayawa. Ya durƙusa a gindin bishiyar ya fara ɗauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya.

"A hankali, Mansu," in ji ta. "Ba ta son a tashe ta da ƙarfi."